Ɗigon da ke Cikin Layar Malam Idi

Duk wanda ya taɓa karaya a Dutse, daga shekarar da aka yanko Jigawa daga Kano zuwa shekarun shari'a, ya san Malam Idirisu ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon Bafulatanin nan na ɗakin hoton ƙashi a asibitin gwamnati, mai ɓantararren haƙori a gaba, wanda zai ce maka, "Ja numfashi, riƙe, kar ka motsa," sannan ya laɓe bayan bango ya bar ka kai da na'ura. Ba likita ba ne, bai kuma taɓa cewa shi likita ba ne. Da shara ya fara. Aka ga yana da natsuwa aka sa shi wankin fim a ɗakin duhu, tafiya ta yi tafiya har aka sakar masa maɓallin. A Yalwawa, unguwar da ya zauna, Malam Idi Mai Hoto ake ce masa.

Cutarsa ɗaya ce, kuma ba ta da magani: son ganin cikin abu. Idan fim ya wuce wa'adinsa aka ce a zubar, sai ya tattara ya ɓoye. Ranar da babu layi ya fito da kayansa. Ya ɗauki hoton ƙwai mai kwana goma a ƙarƙashin kaza. Ya ɗauki ƙwallon dabino, da mushen ƙadangare, da rediyon maƙwabcinsa da ta daina magana, har da ƙahon bijimi. Duk yana tara su cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, kuma baƙo bai isa ya sha ruwa a gidansa ya tashi ba a nuna masa haƙarƙarin ƙadangare ba. Ambulan ɗaya ne a can ƙasan akwatin da ba ya nuna wa kowa.

Matarsa Zulfa takan ce, "Malam, wata rana ni ma ɗora ni za ka yi a teburin nan, ka ga abin da na ci a gidan biki."

Yakan ce, "Ba sai na ɗora ki ba, wannan a fuska ake gani."

To amma akwai abu guda da ya gagare shi, kuma a wuyansa yake rataye, ƙarƙashin riga. Laya ce baƙa, ba ta fi akwatin ashana ba, fatar ta yi sumul don daɗewa. Mahaifiyarsa ce ta ba shi. In kuna son ku gane nauyin wannan magana, sai kun san yadda suka zauna da ita.

Idirisu ɗan fari ne, an haife shi a wata ruga gabas da Garki. A wurin mutanensa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta dubansa ido cikin ido a gaban mutane. Kunya ce, kuma abin yabo ce. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana ce wa kakar Inna, uwar da ta haife shi kuwa, Hauwa'u, yana ce mata Adda kamar wata yayarsa. Ita kuma "wancan" take ce masa. Kowa haka ya tashi, ba wanda ya mutu. Amma akwai wata safiya da ta tsaya masa a rai. Yana ɗan shekara tara, yana riƙe da ɗan maraƙi Adda tana tatsar uwar, maraƙin ya fizge ya harbe shi a baki. Ya faɗi cikin turɓaya da kashin shanu, jini ya cika masa baki, gefen haƙorinsa na gaba ya tafi. Tsakaninsa da Adda bai fi taku uku ba. Ya dube ta yana kuka. Ko waiwayowa ba ta yi ba, yana jin ƙarar nono yana zuba cikin ƙwarya har Inna ta zo ta ɗauke shi. Ya girma ya san al'ada ce, ya ma sha kare ta a gaban abokansa Hausawan gari. Duk da haka, idan harshensa ya taɓa kaifin haƙorin nan, ƙarar nonon yake ji, kuma ransa yana sosuwa.

Ranar da zai bar ruga ya tafi aikin asibiti, yana da shekara goma sha tara, Adda ta fito da layar ta ɗora a kan faifai ta tura gaban Inna. Ta ce, "Inna, a ce wa wancan ya ɗauka. Kada kuma ya buɗe, komai daɗewa." Iyakar sallamar ke nan. Ya ce to, ya rataya.

Adda ta rasu shekara biyu bayan an mai da shi Dutse, lokacin garin yana cika da ma'aikata, ana kwana a ofis don rashin gidan haya. Har ta koma ga Allah bai ji sunansa a bakinta ba. Mako guda da dawowarsa daga zaman makoki ya kulle ɗakin hoto, ya cire layar ya ɗora a tebur. Ai cewa aka yi kada ya buɗe, ba a ce kada ya leƙa ba. Da ya wanke fim ɗin ya ɗaga a allon haske, ya ga inuwar fata, ya ga wani hazo-hazo da ya san takarda ce a naɗe. A tsakiya kuma ga wani ɗigo fari fat, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya sake ɗauka ta gefe. Ɗigon yana nan. Wanda ya yi shekara ashirin yana kallon inuwa ya san abin da ya fito fari haka mai tauri ne: ko dutse, ko ƙarfe, ko ƙashi. Aya ba ta da inuwa. To me Adda ta ɗinke masa?

Kuskuren da ya yi shi ne nuna wa 'yarsa hoton. Hadiyya ita ce 'yar farinsa, mace mai kaifin kai, irin wadda ba ta barin magana a rabi. Shi ma bai taɓa kama sunanta ba. Tana ƙarama "ke" yake ce mata, da ta fara koyarwa a Islamiyyar matan aure sai ya sami sauƙi, ya koma ce mata Malama. Kada ku tambaye ni ko ya taɓa lura cewa abin da aka yi masa shi yake yi. Mutum yana ganin cikin ƙwai, ba ya ganin ƙeyarsa.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a wa'azi ya cika gari, a masallaci, a rediyo, a motar haya. Maganar layu ta taso da ƙarfi. Aka riƙa kwance su daga wuyan yara ana farkewa a gaban jama'a, wani a tarar da ayoyi, wani a tarar da farce da gashi da zane-zanen da ba mai iya karantawa. Wata ranar Juma'a Hadiyya ta zo gida daga ɗakin mijinta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ƙi tashi.

Ta ce, "Baba, ina da magana, ka yi mini haƙuri. Layar nan. Da ayoyi ne kaɗai a ciki, malamai sun yi saɓani, sai in yi shiru. Amma kai da kanka ka nuna mini akwai wani abu. Ko ka buɗe mu gani, ko ka ƙone."

Ya ce, "Na yi wa mai ita alkawari."

"Allah Ya jiƙan Adda. Amma idan wani boka ne ya ba ta, ba ta sani ba? Ina tsoron ka tashi da shi ranar gobe."

Kalmar boka ta sauka masa kamar mari. Ba don yarinyar ta yi ƙarya ba, sai don shi ma ya sha tunanin haka ya kore. Abu ɗaya tak da uwarsa ta taɓa ba shi, ga shi ana cewa ko ya saɓa mata, ko ya jefa a wuta. Daga ƙarshe ya ce, "Malama, ki ba ni zuwa azumi mai zuwa." Ta ce to. Ta san idan ya faɗa ya faɗa.

Ana cikin haka Babbar Sallah ta zo, ta kawo masa wani majinyaci. Mutum ne mai kamar shekara talatin da biyar, da tabarau, yana ɗingishi, ragon layya ya ja shi ya gurɗe a ƙafa. A katinsa an rubuta Dakta Zailani, daga Garki. Suna shiga wuta ta ɗauke, aka tafi neman mai janareto, suka zauna jira. Malam Idi ya tambaye shi wane asibiti yake aiki.

Ya yi dariya ya ce, "Ni daktan da ba ya allura ne, Malam. A Faransa nake, ƙasar noma nake bincike. Kusan ma sana'armu ɗaya, da irin haskenka nake aiki. Sai dai na'urar tamu ta ɗan fi wannan girma."

"Kamar ɗakin nan?"

"Idan ka bi ta da ƙafa ka zagayo, ka yi kusan kilomita."

Malam Idi ya gyara zama. Ya manta da ƙafar bawan Allah gaba ɗaya. Zailani ya karɓi biro ya zana zobe a bayan katin. Ya ce sunanta sinkurotoron. A cikin zoben ake kora ƙwayoyin lantarki suna zagaye da gudun da ya kusa na haske. Duk inda maganaɗisu ya tanƙwara su sai su zubar da haske, irin wanda ke ratsa jiki, amma ya fi na asibiti ƙarfi nesa ba kusa ba, ana kuma iya matse shi ya fi gashi siranta. Daga nan a ja hasken ta bututu zuwa ƙananan ɗakuna a kewayen zoben, kamar yadda mai lambu yake jan ruwa fangali-fangali, kowane ɗaki da aikinsa.

Malam Idi ya ce, "To me kuke gani da ni ba na gani?"

"Kai inuwa kake gani. Mu idan hasken ya bugi abu, yakan watse ya bar zane, kuma kowane irin abu da nasa zanen, kamar yadda kowane garke yake da shaidarsa. Gishiri daban, ƙarfe daban, ƙashi daban. Akwai ma ɗakin da ake aiki da wani hasken, irin ɗumin da kake ji daga garwashi ba ka ganinsa. Shi yana bambanta mai da ƙaro da gashi, amma sai an ɗan yanki abin."

"Wancan na farkon fa? Ba yanka?"

"Ba yanka. Ko a cikin kwali yake."

Janareto ya tashi, aka ɗauki ƙafa, ba karaya. Zailani ya miƙe zai tafi, sai ya ga dattijon ya sa hannu cikin riga ya zaro wani abu. Malam Idi ya ba shi labarin a taƙaice, bai ambaci maraƙi ba. Zailani ya ce wurin ba kamar kanti ba ne, wata da watanni ake neman izini kafin a ba mutum kwana biyu, amma in ya gama nasa ya rage ko sa'a guda, zai nemi alfarmar masu ɗakin. Ya kuma ce bai yi alkawarin amsar za ta yi daɗi ba.

Malam Idi ya ce, "Sharaɗi ɗaya, Dakta. Ko zare ɗaya kada a warware." Ya miƙa masa. Shekara talatin layar ba ta kwana nesa da shi ba, ga shi ya damƙa ta ga mutumin da ya sani sa'a guda, don kawai ya zana masa zobe a bayan kati. Da Zulfa ta ji, cewa ta yi, "Yanzu da ya ce maka zoben ya kai kilomita biyu, ai da ni ma ka haɗa masa."

Wata bakwai ya yi hannunsa yana kai wa ƙirji yana dawowa wayam. Damina ta zo ta wuce. Ya tambayi kowane likita a asibitin ko ya taɓa jin sinkurotoron, ɗaya ne ya ce kamar ya taɓa gani a littafi. Ya auna filin da ke bayan asibiti da taku don ya gane girman zoben, masu gadi suna kallonsa. Wani lokaci ya ce a ransa an yi gaba da ita, shi ke nan, Allah ma Ya hutar da shi. Sai kuma ya ji kamar Adda ta sake mutuwa.

Saura mako uku azumi, ana tsakar yankan gero, wani direba daga Garki ya kawo masa ƙunshi a wurin aiki da hantsi. Ya kulle ƙofa. Layar ce ta fara faɗowa, ya juya ta gaba da baya, ɗinkin yana nan yadda yake. Sai wasiƙa da Hausa, da hotuna uku a takarda mai sheƙi.

Bayan gaisuwa, Zailani ya rubuta cewa akwai takarda a cikin layar, ninki takwas. Wata abokiyar aikinsa Baturiya ta ɗauki alwashin karanta rubutun ba tare da an buɗe ba, domin tsohuwar tawadarsu akwai ƙarfe a ciki, hasken yana kama ta. Ta yi ta nema ba ta ga komai ba, sai da ya tuna ya gaya mata tawadarmu gawayi ce da ƙaro, a wurin wannan haske ita da takardar kusan abu ɗaya ne. Ta ji haushi ƙwarai. Malam Idi ya yi murmushi. Na'ura mai kilomita guda, malamin ƙauye da ɗan kurtun tawadarsa ya kayar da ita.

Sai wasiƙar ta zo kan ɗigon. "Ba dutse ba ne, Malam, ba ƙarfe ba ne, ba kuma ƙashi ba. Zanen da ya bayar na ɓawon haƙori ne, farin nan mai tauri na waje. Mun juya layar a gaban hasken mun ɗauke shi ta kowane gefe, ga shi an faɗaɗa. Guntu ne, ya karye a karkace. Ko na mutum ne ko na dabba, wannan ban iya rantsewa ba."

Malam Idi ya ɗaga hoton farko. Abin da ya sani ɗigo ya zama kamar tafin hannu: gefe ɗaya sumul mai ɗan lanƙwasa, kusurwa guda, ɗaya gefen kuma karaya a karkace da ɗan tsini a ƙarshenta. Yana kallo, harshensa ya tafi inda ya saba zuwa shekara arba'in, ya bi kaifin, ya faɗa ɗan lungun da ke ƙarshe. Ya tsaya. Ya ɗauko madubin da ke jikin bango wurin wanke hannu, ya ɗage leɓe, ya kara hoton kusa da bakinsa. Dakta bai iya rantsewa ba, amma shi ya iya.

Ya zauna a kan teburin da yake kwantar da majinyata. Wato bayan Inna ta ɗauke shi, bayan an kora shanu, bayan ido ya ɗauke, matar nan da ba ta waiwayo ba ta koma wurin. Ta durƙusa cikin turɓaya da kashin shanu tana tonawa da yatsu, tana neman abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Allah kaɗai Ya san tsawon lokacin da ta ɗauka. Ta samu, ta ɓoye shekara goma ba wanda ya sani, sannan ta kai wa baduku ya ɗinke. Ta kuma ce kada ya buɗe, don ko bayan ranta kunyarsa take ji. Malam Idi ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'izarta, har mai jiran hoton ƙirji ya gaji da ƙwanƙwasa ƙofa ya koma benci.

Bayan la'asar ya aika aka kira Hadiyya. Suka zauna a tsakar gida, Zulfa tana gefe tana tsince wake a faifai. Ya ba ta wasiƙar ta karanta, ya nuna mata hoton, ya nuna mata haƙorinsa. Sannan ya ba su labarin maraƙin, wanda ko Zulfa ba ta taɓa ji ba.

Hadiyya ta daɗe tana kallon hoton. Muryarta ta yi ƙasa, amma ita ce dai. Ta ce, "Rubutun fa, Baba, har yanzu ba mu san shi ba."

Ya ce, "Ba mu sani ba. Don haka ba zan ƙara ratayawa ba, tsari na Allah ne. Amma ba zan buɗe ba, ba kuma zan ƙone ba. A akwati za ta zauna."

Ta gyaɗa kai. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Shekara arba'in mutum bai sani ba. Da ba a yi wannan na'ura ba fa?"

Malam Idi ya tashi ya shiga ɗaki. Suka ji ƙarar akwatin ƙarfe ana jan sa daga ƙarƙashin gado, suka ji ana zazzage fina-finai. Ya fito da ambulan ɗin nan na ƙasa, ya yi ja don tsufa. Ya tsaya yana juya shi kamar bai san inda zai ajiye ba. Daga ƙarshe ya ɗora shi a kan faifan waken Zulfa, ya kau da kai ya ce, "A ce wa waccan ta ɗauka."

Hadiyya ta zaro fim ɗin ta ɗaga wa rana. Hannun yaro ne, ƙanƙane, yatsu biyar a baje. Ta tuna. Tana shekara huɗu ƙofa ta datse mata hannu, aka kai ta asibiti tana tsala ihu, wani ma'aikaci ne ya riƙe ta aka ɗauki hoton, ubanta kuwa ya shige ɗakin duhu bai ko dube ta ba. A kusurwar fim ɗin, inda ake sa lambar majinyaci, babu lamba. An rubuta da farar tawada, da hannun da ta sani, a hankali harafi bayan harafi: Hadiyya.

Ta ɗago kai za ta yi magana. Shi kuwa ya riga ya ɗauki buta ya nufi ƙofa, alhali da sauran rana kafin magariba.